I'inar Wilf Garbutt

London,
14 ga Oktoba, 1974

Zuwa ga yayata Hazel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya tarin Baba? Ki matsa masa ya sha maganin nan, na san halinsa, sai ya ajiye kwalbar a tagar kicin ya ce ya sha. Ni lafiyata ƙalau, in ban da wani haƙori da ya sa ni gaba.

Kunya ce ta hana ni rubuto miki wata biyu. Shekara goma sha bakwai ni da Alec Pyle muna yawon ba mutane dariya, Garbutt da Pyle, daga wannan kulob zuwa wancan. Sai ga shi filin da muka daɗe muna nema a rediyo ya samu, amma tun a mako na uku ya fara mutuwa a hannunmu. Furodusanmu ya kira mu ofis ya ce, "Ku biyun nan kun zama kamar tsofaffin ma'aurata, kowa ya san abin da ɗayanku zai faɗa tun bai buɗe baki ba. Ku kawo sabon abu, ko in ba wasu filin." Muka fito jiki a sanyaye.

A mota muna komawa, sai na yi wata murya don kawai in sa Alec dariya. Ya tsayar da motar a gefen titi ya ce in sake. Daga nan aka haifi Mista Plumb, ma'aikacin tashar bas. Alec ne Plumb, ni ne fasinja mai sauri. Na tambaye shi yaushe motar za ta iso, magana ta maƙale masa a wuya. Ya ƙwanƙwasa injin tikiti sau biyu ya ce, "Ku yi haƙuri, tana tafe." Ba wanda ya san ko motar yake nufi ko maganar. Bas uku suka wuce ni kafin ya gama faɗa mini lokacin ta farko. Da muka yi shi a gaban jama'a, sai da aka dakatar da ɗauka don mutane su gama dariya.

Hazel, kin san inda na samo shi, ba sai na faɗa ba. Amma ba Baba ba ne. Wani mutum ne daban mai suna daban, kuma a ƙarshen wasan fasinjan ne yake jin kunya, ba shi ba. Za a sa ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya, daidai lokacin da kuke cin abinci. Ki rubuto mini abin da ya ce, ko mene ne.

Ƙanenki,
Clive

Grimsby,
28 ga Oktoba, 1974

Clive namu,

Muna lafiya, muna gaishe ka. Baba na zaune kusa da ni ina rubutun nan, shi zai jefa wasiƙar a akwatin gidan waya a hanyarsa ta zuwa aiki. Tarin ya yi sauƙi. Kai kuma ka je a cire haƙorin nan, ka daina raki.

Mun ji shirin. Da aka zo wajen mutumin tashar, Baba ya ajiye cokali ya saurara har ƙarshe. Da aka gama ya ce Alec yana da kunnen ɗaukar murya. Jiya ma tun kafin ƙarfe ɗaya ya zauna gaban rediyo. Ya ce ba zai bari ko ɗaya ya wuce shi ba.

Aiki ya yi yawa a masana'anta, jirage biyar suka shigo da kifi a mako ɗaya, yatsuna duk sun tsage. Za ka zo Kirsimeti? Akwai maganar da ta fi kyau a yi ta baki da baki.

Hazel

Ka riƙe aikinka da kyau. Baba.

London,
17 ga Fabrairu, 1975

Hazel tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Na ji ana zuba dusar ƙanƙara a wajenku, ki lura da shi a matakalar ƙofa. An cire haƙorin, na huta.

Ki yafe mini rashin zuwa Kirsimeti. Wasa biyu muke yi kullum a Blackpool, hutun kwana ɗaya tak aka ba mu. Wasiƙarki ta Oktoba har yanzu tana aljihuna. Ba ki san nauyin da kika sauke mini ba. Na karanta wa Alec a ɗakin canja kaya, ya ce, "Ka gani? Tsohon ya fi ka sanin wasa. Kai ne ka cika tsoro kamar amarya."

Ga albishir. An ba mu talabijin, mako shida, yammacin Asabar, kuma Plumb zai fito kowane mako. Tunda yanzu za a riƙa ganinsa, na ƙara wa Alec abubuwa: yadda idon hagu ke runtsewa, yadda wuya ke miƙewa kafin kalmar ta fito. Ya iya har abin na ba ni tsoro. Jiya a gidan shayi na tambayi mai kawo abinci ina gasasshen burodina, ta ce, "Ku yi haƙuri, tana tafe." Ba ta ma gane ni ba.

Wata 'yar jarida ta tambaye ni inda muka samo Plumb. Da ɓoyewa zan yi, amma tunda Baba na jin daɗin abin, ɓoyon na mene ne? Na ce mata mahaifina ne, Wilf Garbutt, kwandastan bas a Grimsby shekara ashirin da takwas, kuma duk ƙasar nan babu mai son shirin kamarsa. Ki sayi jaridar ranar Lahadi ki ajiye masa.

Ƙarshen watan nan zan tashi daga ɗakin da nake haya a gidan Misis Okell. Na samu wuri mai banɗaki nawa ni kaɗai. Zan aiko da adireshi in na zauna.

Naki,
Clive

Grimsby,
3 ga Maris, 1975

Clive,

Muna nan da rai. Tarin Baba ya tafi. Wannan wasiƙar a wurin cin abinci na masana'anta nake rubuta ta lokacin hutun rana, kuma da hannuna zan jefa ta a akwati. Ta Oktoba yana kusa da ni na rubuta, na ma faɗa maka haka tun a farkonta. Na zaci za ka gane.

Bari in gaya maka yadda yake sauraron shirinku. Zama yake a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, kamar mai jiran likita ya faɗa masa sakamako. Bai taɓa yin dariya ba ko sau ɗaya. Na taɓa tashi zan kashe, ya ce in bari, gara ya san abin da za a faɗa masa a mota ranar Litinin.

Tun kafin jarida mutanen unguwa sun gane, amma suna ɗan jin nauyi. Da ka ce musu yana son abin, sai nauyin ya tafi. Ranar Alhamis na hau motarsa zan koma gida. 'Yan tashar jiragen ruwa su takwas suka shigo, har da Barry Stokes da kuka yi aji ɗaya. Barry ya ce, "Wilf, ina ne tasha ta gaba? Faɗa mana a hankali, ba ma sauri." Baba ya buɗe baki, sunan titin ya maƙale. Sai duk suka buga kujera sau biyu tare, suka faɗi maganar nan da murya ɗaya. Wata dattijuwa ta yi dariya har tana share ido. Ba mugaye ba ne, Clive. Su a ganinsu girmama shi suke. Ɗaya ya miƙo tikiti ya ce ya sa masa hannu zai kai wa matarsa. Baba ya sa.

Washegari ya je ofis ya roƙi a mayar da shi wankin motoci a gareji, inda ba a magana da kowa. Shekararsa sittin da biyu, yana tsaye a ruwan sanyi da dogon burushi.

Kai ka tashi ka same shi da i'ina, shi ya sa ka ɗauka haka Allah ya yi shi. Ni na san muryarsa kafin nan. Ina shekara shida, kana uku, lokacin yaƙi, da jirgin kamun kifinsu da aka mayar na share nakiyoyi a teku ya taka ɗaya. Su goma sha huɗu ne, uku aka tsamo. Ya dawo gida ya yi kusan shekara bai ce uffan ba. Mama ce ta koya masa bugun nan biyu, ya buga, ya ja numfashi, sannan ya gwada. A teburin kicin suke yi kullum da safe, ina kallo. Maganar da duk ƙasa ke yi yanzu ma tata ce. In suka je kanti magana ta maƙale masa, mutane suka fara gunaguni a layi, ita ke juyawa ta ce musu, "Ku yi haƙuri, tana tafe." Bayan ta rasu ne ya fara faɗa da kansa.

Ban taɓa roƙonka komai ba tun da na dawo gidan nan na riƙe shi. Ka kashe Plumb. Ka ce ya yi ritaya, ka ce mota ta taka shi, duk yadda kuke yi a sana'arku.

Hazel

London,
10 ga Maris, 1975

Baba da Hazel,

Gaisuwa a gurguje, muna tsakiyar ɗauka. Ga sabon adireshina a bayan katin nan. Ga kuma tikitin jirgin ƙasa biyu na ranar ashirin da shida. Ranar za mu ɗauki shiri na ƙarshe a gaban jama'a, kuma furodusa ya ce lallai a kawo Baba, an ware muku kujeru a gaba. Baba, ka zo ka ga abin da ka haifar da idonka. Na kama muku ɗaki a otal kusa da tasha.

Clive

Grimsby,
14 ga Maris, 1975

Clive,

Lafiya muke. Na ga amsarka, na kuma fahimce ta. Na ce kada ya je, ya ce ɗansa ne ya gayyace shi. Zai zo a jirgin safe. Ga tikitina na mayar maka.

Hazel

London,
4 ga Afrilu, 1975

Yayata Hazel,

Ina fatan kina lafiya, ina fatan Baba ya isa gida lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da kaina ba.

Wasiƙarki ta uku ga Maris ba ta same ni ba. Gidan Misis Okell ta je, ta ajiye ta a bayan agogo tare da wasu takardu, sai ranar Asabar da na je ɗaukar sauran kayana ta ba ni. A tsaye na karanta ta a zauren gidan. Da kika rubuto cewa kin ga amsata, na zaci fushin Kirsimeti ne kike yi har yanzu. Na rantse miki ban san akwai tambayar da nake amsawa ba.

Na san bai gaya miki abin da ya faru ba, kuma gobe za a nuna. Gara ki ji daga bakina.

Ya sauko daga jirgi da kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar Mama, ya riƙo mini kyafaffen kifi a naɗe cikin jarida. Bai yi magana sosai ba, na ɗauka gajiya ce. Aka zaunar da shi a layi na uku, cikin mutum ɗari huɗu. Muka yi Plumb, wuri ya ɗauki dariya. Da aka gama, Alec ya matso bakin dandamali da hular tasha a kansa ya ce, "Jama'a, yau Plumb na gaskiya yana tare da mu." Na san za a yi haka. Ni na amince tun a ofis.

Aka haska shi, ya miƙe, aka kai masa makirufo. Alec ya ce, "Mista Garbutt, gaya wa mutanen nan, yaushe motar za ta iso?" Baba ya buɗe baki, ta maƙale. Wuyansa ya miƙe, idon ya runtse, jama'a suka fashe da dariya, sun zaci shiri ne. Daga inda nake tsaye ina ganin hannunsa na dama. Ya damƙe wandonsa da shi, ya hana shi bugawa. Kin san in bai buga ba ba za ta fito ba. Ya zaɓi ya tsaya a haka da ya ba su bugun nan. Sai wasu suka fara faɗin maganar a madadinsa, sauran suka ɗauka. Ya dube su, ya zauna. Suka miƙe suna tafa masa.

Ina kan dandamali, taku goma tsakaninmu. Da na sauka na karɓe makirufon, ko na yi wata wauta hankali ya dawo kaina, ai sana'ata ce. Ban motsa ba. Murmushi ma nake yi, za ki gani.

Bayan an tashi furodusa ya zo yana cewa wannan minti ɗayan ya fi duk mako shidan. Baba ya ba Alec hannu ya ce, "Na gode." Ta fito masa sumul. Da safe na raka shi tasha, maganar da ya yi mini ɗaya ce, in cinye kifin kafin ya lalace.

Ranar Litinin na kai wa Alec wasiƙarki ɗakin atisaye. Ya karanta har ƙarshe, ya zauna. Na ce Plumb ya mutu daga yau. Ya ce, "Ni na je gidanku na sato shi? Kai ka kawo shi. Kai ka tsaya gaban madubi kana koya mini idon." Na ce haka ne. Ya ce, "Shekara goma sha bakwai muna kwana a mota, ana jifanmu da kwalabe a kulob. 'Ya'yana uku, Clive. Yau da ƙofa ta buɗe za ka ce in rufe da hannuna? In mun bari ma, Grimsby za ta manta ne?" Ya yi kuka, ban taɓa ganin ya yi ba. Amma bai ce to ba.

Na roƙi furodusa ya yanke wajen Baba, ya ƙi. Ya nuna mini takardar da muka sa wa hannu: Plumb na gidan talabijin ne, ba nawa ba. Na ce to na bar aikin. Kafin Alhamis sun samu wani ɗan wasa da zai riƙa fitowa a fasinjan, za su ci gaba a kaka. Kin ga na rabu da Alec, na rabu da aiki, kuma ban rage wa Baba komai ba.

Ina so in zo gida. Ba zan zo ba sai kin ce.

Clive

Grimsby,
11 ga Mayu, 1975

Clive namu,

Muna lafiya. Ƙafafun Baba suna kumbura saboda tsayuwar gareji, likita ya ce ya ajiye aiki ƙarshen watan gobe, ya kuma yarda. Kai ina fatan kana cin abinci.

Na yi mako biyar ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Na yarda ba ka ga wasiƙar ba. Ni ma da laifina. Da na je akwatin tarho na kira ka, da na gaya maka baro-baro tun a Oktoba. Fushi ya sa na aiko maka da layi uku na bar tsoho ya hau jirgi shi kaɗai.

Mun kalli shirin. Ya ga kansa, ya ga tafin, ya tashi ya ɗora tukunyar shayi. Da na gaya masa ka bar aiki, ya ce, "Wauta." Can kuma ya ce ba ka iya komai ba sai wannan, me za ka ci?

Na tambaye shi ko za ka zo. Ya ce gidanku ne. Ya gyara ɗakinka da kansa, ya fitar da kekensa daga ciki. Amma akwai abin da ya ce in faɗa maka. Yana wanke kwanuka ya faɗa, ya ba ni baya, kuma ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, don haka zan rubuta yadda ya faɗa.

Ya ce tun kana ƙarami, in magana ta maƙale masa, kowa a gidan nan yakan kau da kai, har ni. Kai kaɗai kake tsayawa kana kallon fuskarsa har ta fito. Ya ce shekara da shekaru yana gaya wa Mama tun tana raye cewa yaron nan ya fi kowa haƙuri da shi. Ya ce, "Ashe koyo yake."

Ba ya son ka ba shi haƙuri. In ka ba shi, dole ya amsa, kuma ba zai iya ba a gabanka. Ka zo ranar Asabar a jirgin ƙarfe goma sha ɗaya, zan tarye ka in na tashi aiki. Za ku zauna a tebur ɗaya, za ku ci abinci. In ya fara magana, ka kalli farantinka, ko taga, ko duk inda ka ga dama. Kada ka kalle shi.

Yayarka,
Hazel